Aikin Baba Mailafiya Ba Ya Dawowa

Shagona na ɗinki yana kallon rumfar Baba Mailafiya bakanike, titi ne kawai a tsakaninmu, a nan Limawa cikin Dutse. Na daɗe ina taka keke ina kallonsa fiye da yadda na kalli fuskar matata, saboda haka in na ba da labarinsa kada wani ya ce a bakin mutane na tsinta. Sunana Talha, kuma duk unguwa an san ba ni da haƙuri. Shi ma ba shi da shi, shi ya sa muka daidaita.

Gajeren mutum ne mai manyan hannuwa, ɗan wani ƙauye a ƙasar Buji. A Kano ya koyi gyaran babur, ya dawo ya kafa rumfa tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, lokacin da in babur ya wuce sai ka san na wane ne. Yana da tsarin aiki da ba ya sakewa. In zai kwance inji, sai ya shimfiɗa wankakken buhun taki a ƙasa, duk abin da ya cire ya ajiye shi a jere, daga dama zuwa hagu, ba mai tsallake buhun nan ko ɗan sarki ne. In ya zo mayarwa sai ya faro daga abin da ya cire a ƙarshe. Da buhu ya zama wayam, aiki ya ƙare. Sai ya karkaɗe shi, ya hau babur ɗin ya zaga da shi ta bayan duwatsu, ya dawo ya miƙa wa mai shi makulli yana cewa, “Je ka. Aikina ba ya dawowa.” Kuma gaskiya ne, ba ya dawowa.

Da aka ƙirƙiro jiha a 1991, gari ya cika da baƙi. Ma'aikata suka yi ta zuwa daga ko'ina, ɗakin haya ya zama abin nema. Cikinsu akwai Malam Davou, Kirista ne daga wajen Jos, yana aiki a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke kula da famfunan burtsatse. Aikinsa yawo ne a ƙauyuka, yau Kiyawa, gobe Buji, a kan wani tsohon Yamaha da ya zo da shi daga gida, wanda fentinsa ya koɗe har ba ka iya rantsuwa a kan launinsa na asali.

Ranar da ya fara kawo babur ɗin nan ba zan manta da ita ba. Baba Mailafiya ya canza masa ringin cikin inji, ya gwada, ya miƙa makulli da kalmarsa ta kullum. Maimakon mutumin ya hau ya tafi, sai ya tura babur ɗin ya tsallako titi, ya kafe shi a inuwar darbejiyar da ke ƙofar shagona, ya zaro wani ƙunshin tsumma daga ƙarƙashin kujera. Sifanoni ne a ciki da filaya. Ya durƙusa ya fara bin noti ɗaya bayan ɗaya.

Na tsayar da keke. A wurinmu, ka duba aikin mai sana'a a gabansa, zagi ne wanda ya fi na baki. Ni ko wuyan riga ka juya kana leƙen ɗinkina a gabana, to ka nemi wani tela. Baba Mailafiya ya tsallako da guduma a hannu, ba don duka ba, ya dai manta bai ajiye ta ba.

“Malam, me ka ɓatar a jikin babur ɗin nan?”

Davou ya miƙe ya cire hula. Hausarsa irin ta mutanen Filato ce, a miƙe, ba kwana. “Baba, ba raini ba ne. Yayana ya karɓi mashin daga gyara, ya hau, taya ta fita a gangaren garinmu. Ni na ɗauko gawansa. Tun ranar nan ko ni na ɗaure noti da hannuna, sai na sake dubawa.”

Baba Mailafiya ya dubi gudumar hannunsa kamar bai san yadda ta zo nan ba. Can ya ce, “Allah ya ba ku haƙuri. Duba. In ka sami abu ɗaya, na daina sana'ar.”

Bai samu ba. Shekara da shekaru bai samu ba, amma bai fasa dubawa ba, har abin ya zama wasan kallo. Yakan fara da notin tayar gaba, ya matsa birki ya tura ya ga ko ya kama, ya koma baya ya leƙa ko an mayar da fin, ɗan siririn ƙarfen nan da ake sokawa a ramin noti a tanƙwara kansa don kada ya warware. Ya juya taya a hankali har makullin cen, ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin sarƙar babur, ya bayyana, ya ga inda bakinsa ya fuskanta. Ya zura yatsa ƙarƙashin tanki ko an danne waya, ya shafa gindin inji ya shinshina ko baƙin mai na tsatsa. Baba Mailafiya yana daga rumfarsa yana ɗaga murya: “Sufeto! An kama ɓarawon?” Shi kuma ya ce, “Yau ma ya tsere, Baba.” Da haka sunan Sufeto ya bi shi, har yaran unguwa ba su san yana da wani suna ba.

Abota ta ƙullu. Da Babbar Salla Inna Gaji, matar Baba Mailafiya, takan aika soyayyen nama gidan Davou. Da Kirsimeti Nanret, matar Davou, takan aiko shinkafa da kaza, kazar ma sai an kawo wa Baba ya yanka tukuna don kowa ya ci ba shakka. In Davou ya je gida hutu, buhun dankalin turawa yake ɗauro wa tsohon. Ni kuwa da nake ba su inuwa da benci, ko ƙwaya ɗaya sai na yi magana.

Wajen ƙarshen mulkin soja ne abin ya fara. Wata rana Davou ya kawo a canza masa cen. Ya tsallako inuwata yadda ya saba, ya juya taya, sai na ga hannunsa ya tsaya. An saka makullin cen a juye. Wanda bai sani ba zai ce ƙaramin abu ne, amma in bakin makullin ya kalli gaba, wani abu yana taɓa shi zai fice, cen ya tsinke ya naɗe taya kana cikin gudu. Davou ya daɗe a durƙushe. Daga can tsallake Baba ya kira, “Sufeto, an kama shi?” Davou ya juya masa baya, ya sa filaya ya cire makullin ya mayar daidai, ya ce, “Ya tsere, Baba.” Muryarsa ba irin ta kullum ba ce.

Daga nan na buɗe ido. Na lura Baba Mailafiya ya daina kallon buhu, sai dai ya bi shi da tafin hannu. Babban abu hannu yana samunsa, amma fin ko ƙaramin noti da ya gangara cikin yashi, shi ke nan. Ya daina hawa gwaji, wai gwiwa ta matsa masa. In mutum ya tsaya a gabansa ba ya gaishe shi sai mutumin ya fara magana. Hanyar masallaci kuwa, da yake bi ta tsakiyar titi yana faɗa da masu kekuna, ya koma bin jikin katanga. Daga baya Inna Gaji ta gaya mini ya je asibitin ido a Kano a ɓoye, da sunan sayo kayan gyara. Suka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce mata in ta faɗa wa ko 'ya'yanta ne bai yafe ba.

Ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa mata ne biyu. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun watse sun kama acaba, don lokacin babur ɗin China ya fara shigowa, kowane saurayi yana son ya ji iska. Gida guda yana ci daga rumfar nan. Kuma ba a taɓa jin makahon bakanike ba. Ranar da maganar ta fita, ranar sana'arsa ta mutu. Ya san haka, ni ma na sani, Davou ma ya sani.

Wata la'asar Davou ya zauna a bencina ya ce a hankali, “Talha, ka gani?”

“Na gani.”

“Ba nawa kaɗai yake gyarawa ba.”

“To sai ka gaya masa,” in ji ni.

“Kai ka gaya masa mana. Kai ne maƙwabcinsa.”

Muka dubi juna. Babu wanda zai iya kallon dattijon da ya isa ya haife shi ya ce masa ka ƙare. Kara ta hana mu, tausayi ya hana mu, tsoron bakinsa ma yana ciki.

Sai Davou ya fito da tasa dabarar. Ya riƙa baro ofis da wuri, ya zo ya zauna a rumfa ana hira. Da an kira la'asar Baba ya tashi ya ce, “Sufeto, ga rumfa nan,” ya kama katanga ya tafi. Titi yakan yi tsit a lokacin, duk maza suna masallaci. Kirista ɗaya ne ba ya zuwa, kuma ba mai mamakin ganinsa yana gadi. Sai ya warware tsummansa ya bi duk baburan da aka gama a ranar. Ni nakan makara da gangan wani lokaci in gani. Ba kullum yake samun kuskure ba, amma yana samu: tiyon mai da ba a matse ba, noti da aka ɗora a karkace, waya a ƙarƙashin tanki da ƙarfe ya fara ci. Ya taɓa samun tayar gaba da hannu kawai aka murɗa notinta. Ranar da ya gama ɗaure ta sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Na ce masa wannan hauka ne. Na ce, “Ranar da kake Buji fa? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai?” Ya naɗe tsummansa ya tafi. Amma na lura da wani abu. Baba Mailafiya ya daina ba da babur kafin la'asar, ko an gama tun hantsi. Ranar da Davou ya yi tafiya kuwa, kowa ya zo sai ya ce masa, “Aiki bai nuna ba, dawo gobe.” 'Yan acaba suka yi ta ƙunƙuni wai tsufa ya sa shi nawa. Kuma mutumin da da can ana sallama yake ficewa daga masallaci, sai ga shi ya zama mai dogon lazimi. Ba wanda ya ce wa wani komai. Haka suka rayu shekaru, ɗaya yana ɗaurewa, ɗaya yana bi, sunan rumfar yana nan da kyansa.

Sai shekara ta dubu biyu ta zo. Ni ma ina cikin masu murna da shari'a, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma har gobe ban ce na yi kuskure ba. Amma labarin rikicin da ya ɓarke a Kaduna ya iso mu, kuma ko da ba a taɓa kowa a unguwarmu ba, kallon da mutane ke yi wa juna ya canza. Baƙi da yawa suka tura iyalansu gida. Masu shaguna suka riƙa rufewa da wuri. Nanret ta kawo mini ɗinkin kayan makarantar 'yarsu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Oga Tela, kai abokinsa ne. An ba shi dama ya koma Jos, ya ce a dakata. Me ya riƙe shi a garin nan?” Na ce mata aiki ne mana. Ta dubi rumfar da ke tsallake, ta dube ni, ta tafi ba sallama.

Da damina ta kusa ƙarewa a shekarar da ta biyo, Jos ɗin kanta ta kama da wuta. Wannan karon abin ya shigo har cikin gidajenmu, don akwai 'yan Dutse da yawa da ke kasuwanci a can. Motoci suka riƙa sauke mutane a tasha da kayan jikinsu kawai, kowa da labarin da zai hana ka cin abinci. Davou ma an ƙone gidan ƙaninsa, kwanaki bai san ko mahaifiyarsa tana raye ba. Amma wannan ba wanda ya tambaye shi. Na ce masa ya ɗan zauna a gida har ƙura ta lafa. Ya ce, “Baba yana da aiki da yawa a satin nan.”

Akwai wani matashin malami, Abdulƙadir, ɗan gidan malaman da ke da makarantar allo a bayan layinmu. Mutum ne mai kunya, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yayansa yana sayar da hatsi a Jos, kuma tun da abin ya faru ba a ji ɗuriyarsa ba. Ranar nan ya kawo babur ɗinsa a canza masa birkin baya, don washegari zai ɗauki mahaifiyarsu zuwa Kiyawa wurin wani da aka ce ya ga yayan nasa. Aka kira la'asar, muka tafi. Abdulƙadir ya makara, ya biyo ta gaban rumfa da sauri don ya sami jam'i.

Abin da ya gani shi ne: titi ba kowa, mutumin Jos a durƙushe a gindin babur ɗinsa, sandar birki a kwance a hannunsa.

Abin da ya faru kuwa, Baba ya mayar da sandar da ke riƙe birkin ba tare da notinta ba. Tana maƙale ne kawai. Taka birki na farko mai ƙarfi, za ta fice ta sarƙe taya. Davou ya zare ta yana laluben notin a cikin yashi.

Muna sallame salla muka ji ihu. Kafin in kai, mutane sun kewaye rumfar. Ban san wanda ya fara kai hannu ba. Na ji ana cewa, “Birki yake kwancewa!” wani na cewa, “Tun yaushe yake yi? Kullum muna salla yana nan!” Davou yana ƙasa, baki duk jini, yana ta cewa, “Ku tsaya, ku tsaya,” bai ƙara komai a kai ba. Ko a lokacin bai ambaci sunan tsohon ba.

Na kutsa ina ture mutane, na ce, “Ku ji tsoron Allah! Dubawa yake yi! Gyara yake yi! Shekara da shekaru ina kallonsa!”

Wani ɗan acaba ya ce, “Dubawar me? Aikin Baba Mailafiya ne zai duba? Yaushe aikin Baba ya taɓa dawowa?”

Abin da ya ɗaure mu ke nan. Sunan da Davou ya tsare masa shi ne ya zama shaida a kansa. Na ce, “To ku tambaye shi! Ga shi nan!”

Baba Mailafiya ya iso a lokacin, yana bin katanga. Aka buɗa masa. Abdulƙadir, hawaye na zuba, ya ce, “Baba, kai ka sa shi ya taɓa mini babur? Akwai abin da ya rage a aikinka?”

Tsohon ya tsaya. Bakinsa ya motsa, magana ba ta fito ba. Na ga gumi yana bin wuyansa. Ba zan ce ga tsawon shirun nan ba, amma ya isa mutane su ɗauke shi a matsayin amsa. Wani ya ɗauki ƙarfen cire taya. Davou ya kare kansa da hannun dama, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Ƙarar nan ce ta buɗe bakin Baba.

“Ku bari!” Muryarsa ta dawo irin ta da. Aka tsaya. Ya ce, “Abdulƙadir, kana ina?”

Abdulƙadir yana tsaye a gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ya ce, “Ga ni a gabanka, Baba.”

“To ba na ganinka. Ba na ganin kowa a cikinku, sai duhu-duhu. Na daɗe a haka.” Ya nuna wajen da yake jin nishin Davou. “Duk wanda ya hau babur daga rumfar nan ya isa gida lafiya, bawan Allahn nan ne ya bi bayana. Ban sa shi ba, bai gaya mini ba, amma na sani. Ni nake jinkiri a masallaci don ya gama. Ku dubi sandar nan, za ku ga ba noti. Ni na manta shi.”

Wani ya durƙusa ya tona yashi a gefen buhu. Notin yana nan.

Da ma a ce kunya ce ta kama mutane, da na ji sanyi. Wasu kam sun sunkuyar da kai sun sulale. Abdulƙadir ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Amma fushin da aka tara sai ya nemi wani wurin sauka. Ɗan acaban nan ya ce, “Ashe makaho ne yake ɗaure mana birki! Da ranmu kake wasa, Baba?” Ba wanda ya tsawata masa, don in ka cire rashin ladabin, bai yi ƙarya ba. Kafin magariba kowa ya zo ya ture babur ɗinsa. Har wanda injinsa ke kwance ya kawo daro ya kwashe kayansa ya tafi da su wani gareji.

Ni na kai Davou asibiti. Haƙoransa na gaba sun fita, hannun ya karye a wuri biyu. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Sai da aka gama ɗaurin muna zaune a baranda ya ce, “Talha, ya daɗe kafin ya yi magana.”

Na ce, “Amma ya yi.”

“Ya yi. Amma ya daɗe.”

Na yi fushi da Baba Mailafiya a kan shirun nan, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kuma na san abin da zai ajiye in ya buɗe baki: abincin gidansa, da sunansa, da abu ɗaya tilo da ya iya a duniya. Ya ajiye ɗin, sai dai ya makara, ya rasa sana'ar kuma bai tsirar da hannun abokinsa ba.

Mahaifin Abdulƙadir ya tura shi da manya biyu su ba da haƙuri. Nanret ta karɓi gaisuwar ta taga. Yayan Abdulƙadir kuwa ba a sake ganinsa ba. Baba Mailafiya ya sa Inna Gaji ta dama kunun gyaɗa, tunda mai ciwon ba ya iya tauna, ya ce in raka shi. Muka je da rana tsaka. Nanret ta fito ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta karɓi kwanon, ta ce, “Baba, ya yi barci.” Muna jin tarinsa a cikin ɗaki. Baba ya ce, “To, a gaishe shi,” muka juyo.

Ya ci gaba da zuwa rumfa. Kowace safiya sai ya buɗe akwatin kayan aiki, ya zauna a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa. Mutane suna gaishe shi da girmamawa fiye da da, wasu har su ce, “Kai, Baba ya yi namijin ƙoƙari ranar nan,” sannan su wuce da baburansu gaba. Shi kuma da jin ƙarar inji daga nesa sai ya ɗaga kai ya ce, “Wancan na mai nama ne, fulogi yake so.” Ya saurara har ƙarar ta zo daidai rumfa, ta wuce. Na gane ba su yake jira ba. Tsohon Yamaha ɗaya yake kasa kunne ya ji, kuma mai shi ba shi da hannun tuƙa shi.

Bayan wasu makonni, da hantsi, wata babbar mota ta shigo layinmu a hankali saboda ramuka. Katifu ne a samanta da kujeru da tukwane, ga Yamahan nan a tsaye a tsakiya an ɗaure shi da igiya. Ba hanyar tasha ba ce, da gangan aka ratso. Davou yana gaba kusa da direba, Nanret da 'yarsu a gefensa, hannunsa rataye a wuya. Da suka zo daidai rumfa ya dubi tsohon, ya ɗaga hannun hagu. Motar ba ta tsaya ba.

“Talha,” in ji Baba, “wace mota ce wannan mai nauyi haka?”

Na tsallaka na tsaya kusa da shi. “Ta su Malam Davou ce, Baba. Sun tashi. Ya ɗaga maka hannu.”

Ya miƙe da sauri har benci ya faɗi. Ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa, yana fuskantar inda yake zaton motar take. Ta riga ta sha kwana. Ya daɗe a haka, masu wucewa suna kallonsa, ban iya ce masa ya sauke ba.

Da ya gaji ya sauke da kansa. Ya laluba ya rufe akwatin kayan aikin, ya danna kwaɗo, ya zura makullin a aljihu. Bai nemi katanga ba. Ya miƙo mini hannu ya ce, “Kai ni gida.”